Agwagin Iya Tasalla da Tsutsa Mai Ƙaya

Ku gyara zama, ku ajiye hirar da kuke yi. Labarin da zan ba ku yau ba irin wanda ake ji a kakkaɓe riga a tashi ba ne. In na kai ƙarshe, sauran aiki naku ne, don shari'a za ku yanke.

Can gabas, inda kogi yake barin gadonsa ya bazu cikin fadama, akwai wani ƙauye da ake kira Rafin Dinya. Mazan garin sana'arsu su, wato kamun kifi, da noman shinkafa, matan kuwa kiwon agwagi. Ba gidan da za ka shiga ba ka yi tuntuɓe da agwagwa a ƙofa ba. A cikin matan nan kaf babu wadda ta kamo ƙafar Iya Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar mata yara uku ƙanana, da agwagwa biyu da toro guda, wato namijinsu. Da waɗannan ta fara. Da ƙwai ta ciyar, da ƙwai ta tufatar, har yaran suka zama mutane. Lokacin da furfura ta cika mata kai, garkenta ya haura ɗari, kuma kusan duk agwagwar da ke yawo a garin, in ka bi salsalarta, daga gidan Iya ta fito. Ba a taɓa kawo amarya Rafin Dinya ba Iya ba ta aika mata da 'yar agwagwa ta fara kiwo ba.

Babban ɗanta Ɗanliti masunci ne. Mutum ne mara yawan magana, ya san kowane tafki da kowace mashiga a fadamar kamar yadda ya san ɗakinsa. Iya ba ta kama sunansa saboda kunyar ɗan fari, in za ta yi zancensa da ƙannensa sai ta ce "yayanku". Mai bi masa Kubura, tana aure a nan cikin gari da 'ya'ya biyu, sana'arta suyar naman agwagwa ranar kasuwa. Hannunta ya fige agwagin da ba su ƙirguwa. Autansu Haladu shi ne ya yi boko, yana aiki a birni, a ɗakin gwajin cututtukan dabbobi.

To, wata shekara, bayan ruwan damina ya ja baya, sai ƙananan agwagin Iya suka fara wani irin ciwo. Zawo ya kama su, suka rame har ƙashin ƙirji ya fito kamar wuƙa, fukafukansu suka saki. Yau ta tsinci biyu a mace, gobe huɗu. Ta jiƙa musu ɓawon maɗaci, ba sauƙi. Ta aika kasuwa aka sayo mata maganin tsutsa irin wanda ake ba kaji, ta ba su, kamar ta zuba ruwa a rariya. Kafin mako biyu abin ya shiga gidajen maƙwabta.

Ana cikin haka labari ya zo cewa murar tsuntsaye ta ɓulla a wasu garuruwa da ke saman kogi. Bayan kwana biyu sai ga malamin dabbobi a kan babur, ya sauka a ƙofar gidan Bulama, wato mai garin, aka tara mutane. Mutum ne mai sanyin hali, ba da faɗa ya zo ba. Ya ce umarnin da aka ba shi shi ne, duk garin da ke bakin kogin nan da tsuntsaye suke mutuwa da yawa, a hallaka na garin gaba ɗaya, kaji da zabi da agwagi, a binne, sai fa in an nuna wani dalili tabbatacce da yake kashe su. Ya ɗebi majinar wasu agwagi a kwalabe zai aika gwaji, amma ya ce wurin gwajin yana da nisa, layi kuma ya yi tsawo, ba lalle sakamako ya iso kafin ranar aikin ba.

Iya Tasalla ta matso ta durƙusa, ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara talatin ina wannan kiwo. In cutar nan ce, ni da kaina zan kama maka su. Amma ka ba mu 'yan kwanaki."

Malamin ya ce, "Iya, tashi, kin haife ni. Kwana goma zan iya, ba na iya wuce haka. Kafin nan kada a sayar, kada a yanka, wadda ta mutu a ɗauke ta da shebur a binne, kada hannu ya taɓa."

Ranar Iya ba ta iya cin abinci ba. Ba asararta kaɗai ke cin ta ba. Ta san gwauruwar da ba ta da komai sai agwagwa shida, ta san wadda take tara ƙwai don kayan ɗakin 'yarta. Ga kuma maganar da ta fara zagawa a bakin rijiya, wai daga gidanta masifar ta tashi. Ta zauna a gindin rumbu tana kallon garken da ya rage, sai ta ji kamar ita ce ta raba wa mata cuta da hannunta.

Wadda ta fara motsawa ita ce Kubura. Washegari da hantsi ta shigo gidan uwarta ta tsaya tana kallon tsakar gida, ta daɗe, sannan ta ce, "Iya, kajinki nawa suka mutu?"

Iya ta ce, "Ko ɗaya."

"Zabi fa?"

"Ga su can suna damun mutane da kuka."

Kubura ta ce, "Na zaga gida tara yau. Ba gidan da kaza ta mutu. Mutanen da suka zo daga saman kogi sun ce can kaji ne suka fara zubewa. Mu kuwa sai agwagwa, agwagwar ma sai wadda take zuwa fadama. Biyun da na tsare a akurki ina ba su dusa don kasuwa, ƙiba ma suke yi. Iya, wannan abin a ciki yake, ba a iska ba. Zan buɗe ɗaya in gani."

Iya ta ce, "Ke, ba ki ji abin da malamin ya ce ba? In murar nan ce fa? An ce tana kama mutum. Kina da goyo!"

Kubura ta ce, "Na ji. Shi ya sa na kai yaran wurin uwar mijina tun da safe. Ba zan taɓa su ba sai na ga yadda jikina ya yi."

Ta ɗaure hanci da baki da ɗankwali, ta sa hannuwanta cikin leda, ta ɗauki wata 'yar agwagwa da ta mutu da safen ta tafi bayan gari. Iya ta bi ta, ta tsaya nesa. Kubura ta tsaga cikin, ta duba hanta, ta duba huhu, ba ta ga abin da ya saɓa wa wanda ta saba gani ba. Da wata ce da ta binne ta koma gida. Ita kuwa sai ta jawo hanji ta bi shi da reza daga farko har ƙarshe, ta wanke a farin kwano, ta bar ruwan ya kwanta. Da ta karkata kwanon wajen rana, sai ga wasu 'yan abubuwa jajaye-jajaye, falle-falle kamar ƙaramin ganyen tsamiya, suna miƙewa suna tsukewa. Wasu suna manne da bangon hanjin, inda suka manne duk ya yi jini. Ta buɗe ta biyu da ta uku, duk haka. Ta tsince su da tsinke ta zuba a kwalba da ruwan gishiri, ta binne gawarwakin, ta ƙone ledojin. Washegari ta shiga kwalekwale ta tsallaka, ta hau mota ta kai wa ƙanenta kwalbar har birni. Kwana biyar ta yi ba ta ɗauki ɗanta ba, tana jiyo kukansa ta bayan danga, nono na zuba, tana share hawaye.

Wannan aikin Kubura ke nan.

Shi kuwa Haladu, lokacin da kwalbar ta same shi, saura kwana uku ya zauna jarrabawar ƙarin girma, wadda ba a yin ta sai bayan shekara biyu, kuma ya yi wata shida yana karatunta. Ya duba abin da ke cikin kwalbar a madubin likita, wannan da yake mai da ƙwayar gero kamar kabewa, sai ya ga tafiya da zafin mota sun lalata tsutsotsin, kawunansu sun saɓule. Ya gane danginsu, amma bai gane ainihin wace ce ba. Ya je wurin shugabansa ya roƙi izini, ya ari wani tsohon madubi mai aiki da hasken rana, da wani littafi mai kauri cike da zane-zanen tsutsotsi, ya bar jarrabawar ya biyo yayarsa gida.

Da ya iso, Bulama da mata suka cika gidan Iya. Kowa cewa yake, tunda an ga tsutsa ai magana ta ƙare, ya rubuta takarda a kai wa malamin dabbobi. Haladu ya ce a yi masa haƙuri, ba zai rubuta ba tukuna. Gidan ya ɗauki guna-guni. Bayan mutane sun watse Iya ta kira shi, ranta a ɓace.

Ta ce, "Auta, kwana huɗu sun tafi. Tsutsa dai tsutsa ce. Rubuta kawai."

Ya ce, "Iya, in aka kawo miki baƙo aka ce mutum ne, kin san daga inda ya fito? Ai sai kin dubi askar fuskarsa, kin ƙirga zane nawa ne, a kumatu ne ko a goshi, sannan ki ce wannan Bagobiri ne, wannan Babarbare ne. Su ma haka suke. Kusan kowace agwagwa mai zuwa ruwa za a samu 'yar tsutsa a cikinta. In na rubuta tsutsa kawai, malamin zai ce wannan ba hujja ba ce, kuma gaskiyarsa."

Ya zauna a bakin tabarmarta ya buɗe littafin yana nuna mata. Ya ce tsutsar ciki da farko gida biyu ce. Akwai mulmulalliya kamar zare, ita ce maganin kasuwa yake kashewa, shi ya sa wanda ta saya bai yi komai ba. Akwai kuma mai faɗi. Mai faɗin ma ta rabu. Akwai doguwa mai gaɓa-gaɓa, wato tsila, wadda kowa ya sani, akwai kuma gajeriya mai siffar ganye, wadda take da matsotsi tana manne wa nama da shi kamar matsattsaku. Wadda Kubura ta samo tana cikin masu siffar ganyen nan. To su kuma zuriya ce babba. Ana rarrabe su da yawan matsotsinsu da inda suke a jiki, da yadda kayan cikinsu suka jeru, da kuma wurin da suke zama a jikin tsuntsu. Wata a ido take zama, wata a hanta, wata a jijiyar jini, wata a mahaifar ƙwai har kaza ta dinga yin ƙwai mara ɓawo, wata a hanji.

Iya ta ce, "To in ka san sunanta sai me? Suna zai tashi wanda ya mutu?"

Ya ce, "Suna shi zai nuna mana ƙofar da take shigowa. Dukansu sai sun bi ta jikin dodon koɗi na ruwa. Amma daga nan hanyarsu ta rabu. In ta jini ce, ta fata take shiga, ke nan sai an hana agwagi duk wani ruwa, kin ga kiwo ya mutu a garin nan. In ta ido ce, a jikin ciyawa take maƙalewa. In ta mahaifa ce, ƙwari ne suke kawo ta. In na yi kuskure, za mu toshe ƙofar da ba ita ba, a ba su magani su warke, bayan wata guda su sake zubewa. A ranar ba wanda zai ƙara saurarenmu."

Iya ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta gamsu ba, kuma ba ta ɓoye ba.

Washegari Kubura ta sake buɗe wata agwagwar da ta mutu, ta kawo masa tsutsotsi da ransu. Ya danne ɗaya a tsakanin gilasai biyu, ya ɗora a madubi a tsakar gida, ya juya shi wajen rana. Ya daɗe a duƙe. Can sai ya ce, "Iya, zo ki gani." Ta zo tana jan ƙafa, ta rufe ido ɗaya kamar yadda ya nuna mata, ta leƙa. Sai ta ja da baya ta ce, "La ilaha illallahu!" Abin da ta gani, halitta ce mai baki zagayayye, an kewaye wuyanta da ƙayoyi a jere kamar duwatsun tsakiya a wuyan amarya. Haladu ya ce sunan da masana suka ba wannan dangin, ma'anarsa baki mai ƙaya, kuma a cikin dangin ma ana bambanta su da yawan ƙayar. Ya ƙirga, ya rubuta a takarda ya rufe. Ya sa wata tsutsar ya ƙirga, ya sa ta uku, har shida, idonsa ya yi ja yana hawaye don hasken rana. Duk talatin da bakwai suka ba shi. Sannan ya buɗe littafin ya kwatanta sauran alamomin, suka dace.

Ya ce, "Mun same ta. Wannan ta baki take shiga. Ƙwanta yana fita a kashin tsuntsu ya faɗa ruwa, ya shiga dodon koɗi ya hayayyafa, ya fito ya ɓuya a jikin wani dodon koɗin ko 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya. Agwagwa ta haɗiye su. In kaɗan ne ba sa kisa. Yawan da muke gani a hanjin nan yana nufin akwai wani ruwa guda, wanda ba ya gudu, inda suka taru. Sai an gano shi." Sai a lokacin ya ɗauki biro ya rubuta takardar, ya sa hannu. A ranar ne kuma, can birni, abokan aikinsa suke fitowa daga ɗakin jarrabawa.

Wannan aikin Haladu ke nan.

Saura kwana biyar. Fadamar Rafin Dinya kuwa ba wurin da baƙo zai shiga ya fito ba ne. Kacalla, wannan doguwar ciyawar ruwa, ta rufe ko'ina, ta fi tsayin mutum. Agwagi su kan fita da safe su dawo da yamma, ba macen da ta san takamaimai inda suke wuni. Iya ta dubi ƙannen ta ce, "Ku kira yayanku."

Ɗanliti ya zo ya saurari bayanin Haladu, bai yi tambaya ko ɗaya ba. Ya nemi gwangwanaye, ya rataya su a wuya, ya ɗauki gorarsa ta kamun kifi ya shiga fadama. Yana bin sawun agwagi daga wannan ruwa zuwa wancan, wani wurin ruwa iya gwiwa, wani iya ƙirji, yana tsinto dodon koɗi daga jikin ciyawa da cikin laka, na kowane ruwa gwangwaninsa daban. Kacalla ta yayyanke masa hannuwa, matsattsaku suka sha jinin ƙafafunsa. Da yamma ya kawo, da safe Haladu ya zuba su a kofunan gilashi da ruwa mai tsabta ya jera a rana, don in akwai 'ya'yan tsutsar a jikinsu zafi zai fito da su. Kwana uku ana haka. Ruwa shida ya kawo, babu komai sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Iya ta lura cewa ɗanta ya daina haɗa ido da ita. Ta san dalili, amma ba ta furta ba. Akwai ruwa na bakwai. Shekarar da ta wuce Ɗanliti ya datse wata mashiga da laka da buhunan yashi, ya tare ruwa ya yi tafki nasa, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa yana kiwo. Aikin wata uku ya yi shi kaɗai. Da kifin nan yake sa ran ya sami kwalekwale na kansa, ya daina aron na mutane yana ɗan shekara arba'in. Saura wata biyu su isa kamu. Ba wanda ya san wurin sai shi da uwarsa. Da ya yi shiru, da ba mai cewa ya ɓoye komai.

Rana ta takwas bai fita da wuri ba. Ya zo ya tsuguna a gaban Iya, ya ce, "Iya, saura tafkina." Ita kuwa ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya tafi ya dawo da gwangwani guda. Kafin azahar ruwan kofin ya yi fari-fari, Haladu ya ɗiga ɗigo ɗaya a madubi, sai ga 'yan halittu masu wutsiya suna wutsil-wutsil ba adadi. Ɗanliti ya ce tun da ruwan ya tsaya kirinjijiya, agwagin daji, suka mai da wurin masauki, dodon koɗi kuma ya yi yawa har ana takawa yana fashewa, agwagin gari ma can suke wuni.

Haladu ya ce, "Yaya, ko shinge aka yi zai rage."

Ɗanliti ya ce, "Agwagwa tana da fiffike." Ya ɗauki fartanya da gatari.

Bai fasa datsin ta wajen kogi ba, don kada ya tura wa na ƙasa cutar. Sai ya haƙa doguwar hanyar ruwa zuwa wani busasshen fili mai yashi, ya saki ruwan can. Kwana ɗaya da wuni yana haƙa, zazzaɓi na jikinsa. Ruwan ya tsiyaye, 'ya'yan tarwaɗa da ba su kai tsawon tafin hannu ba suka zube a laka suna birgima, ya kira mutane ya ce kowa ya ɗiba. Ya sare kacallar da ke gefe ya baza ta bushe ya sa wuta, ya kewaye wurin da ƙaya, ya bar rana ta gasa lakar da dodon koɗin da ke cikinta. Da ya dawo gida sai da aka riƙe shi ya shiga ɗaki, ya yi sati biyu a kwance.

Wannan aikin Ɗanliti ke nan.

Rana ta goma malamin dabbobi ya iso da mota da mutanensa, da buhuna da shebur da fararen riguna. Mata suka tsaya cirko-cirko, wasu sun fara kuka. Ya karanta takardar Haladu sau biyu. Ya duƙa ya leƙa madubi ya ƙirga ƙayoyin da kansa. Ya sa aka buɗe wata agwagwar a gabansa, sannan ya ce a kai shi tafkin. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar gidan Bulama ya ce, "Da tsutsar kaɗai aka nuna mini, da ban tsaya ba. Da suna kaɗai ne a takarda, da ban tsaya ba. Amma na ga abin, na ga sunansa, na ga kuma an toshe inda yake fitowa. Zan ɗauki nauyin jira." Ya rubuta musu maganin da ya dace da irin wannan tsutsa, ya ce a tsare agwagi a gida sati uku. Bayan mako guda sakamakon gwajin majina ya iso, babu murar tsuntsaye a Rafin Dinya. Mutuwa ta tsaya. Agwagin da suka rame suka fara cika, kafin sanyi ya fita an fara jin kukan 'yan tsaki a gidaje.

To, sai matan garin suka haɗa ƙarfi suka sayo wata jar karsana, lafiyayya mai farin goshi. Suka jawo ta da guɗa har gidan Iya Tasalla, suka ɗaure a turke. Babbarsu ta ce, "Iya, mun zo neman gafara a kan maganar da muka yi a bakin rijiya. Wannan kuma tukuici ne. Ki ba wanda ya ceci kiwonmu a cikin 'ya'yanki. Sharaɗinmu ɗaya: ba mu yarda a yanka ba, ba mu yarda a sayar a raba ba. Ta mutum ɗaya ce, don in ta haihu a dinga cewa ga shanun wane."

Iya ta tara 'ya'yanta ta gaya musu. Kubura ta ce a ba Yaya, shi ya yi asara. Ɗanliti ya ce a ba auta, shi ya bar gabansa ya dawo. Haladu ya ce a ba Kubura, ita ta sa ranta a haɗari. Kowa ya ture, suka bar wa uwarsu.

Iya ta zauna tana kallon karsanar tana tuƙa. Ta ce a ranta, in don Kubura, da ba ta lura da kaji ba, da ba ta tsaga hanjin nan ba, da ba wanda ya san akwai abin da za a nema, da yanzu an binne komai. Ta sa ranta a haɗari, ta rabu da ɗanta yana shan nono. Amma kuma ta karya doka, da a ce cutar nan ce, da ta iya jawo wa gari abin da ya fi mutuwar agwagi.

In kuma don Haladu, da tsutsar tana nan a kwalba ba suna, ba magani, ba wanda ya san ta dodon koɗi take zuwa. Ya bar jarrabawarsa, ya ƙi rubuta abin da bai gani ba ko da uwarsa ce ta matsa masa. Amma ai ilimin da ya yi aiki da shi da ƙwan agwagin nan aka saya masa, wasu za su ce hakkinsu ya mayar.

In kuma don yayansu, da an yi magani an koma gidan jiya, da malamin bai janye mutanensa ba. Ya tona asirin kansa ba wanda ya tilasta shi, ya rusa guminsa na shekara da hannunsa, ya kwanta ciwo. Amma ai datsin da ya yi ne ya tara cutar, ko da yake bai sani ba, kuma ya ɓata kwana uku yana zagaya wurin da zuciyarsa ta riga ta gaya masa.

Ta juya ta nan, ta juya ta can, duk inda ta ɗora sai ya goce. Har yau da nake ba ku labarin nan karsanar tana ɗaure a turken Iya Tasalla, ita ke ba ta dusa.

To, ku da kuka ji komai, ga igiya na miƙa muku. Tsakanin Kubura da ta gano tsutsar, da Haladu da ya san ko wace ce, da Ɗanliti da ya toshe hanyarta, a hannun wa Iya Tasalla za ta danƙa karsanar nan?